Tambaya da Amsa: Ƙwayar bitamin da ƙashin tsofaffinmu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan tsofaffi ne, ciwon gwiwa, ciwon baya, ƙafa ta ƙi ɗaukar jiki, da kuma robobin bitamin ɗin nan da 'ya'ya ke aikowa gida daga birni. Na ɗauki guda huɗu saboda sauran ma kusan abu ɗaya suke tambaya.

Tambaya ta farko, daga wata 'yar uwa a wani ƙauye kusa da Ringim:

Salam Malama, dan Allah ina neman shawara a kan mahaifiyarmu, shekarunta sun haura 70, tunda Baba ya rasu ta yi takaba shikenan bata ƙara son fitowa ko tsakar gida ba, kullum tana ɗaki a kan tabarma, bayanta ya fara ranƙwafawa kuma tana kukan ƙugu da cinyoyi in zata tashi sai an kama ta. Yayanmu da ke Abuja ya aiko da wata roba an rubuta kalsiyam da bitamin D, sai wata maƙociyarmu tace kar mu bata wai yana kashe ƙoda. Toh Malama mu bata ko mu ajiye?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya. Amsar a taƙaice ita ce irin Inna ce ma ta fi dacewa da wannan robar, amma ki bi ni a hankali dan akwai sharaɗi.

Mu Hausawa duk ciwon da ya kama tsoho daga ƙugu zuwa ƙasa sai mu ce sanyin ƙashi ne, alhali cuta ce kala-kala muka zuba a tukunya ɗaya. Akwai amosanin gaɓɓai, wato guringuntsin gwiwa ya sille ƙashi yana gugar ƙashi, wannan shi ne mai zafi da ƙara in an durƙusa, kuma bitamin ba ya mayar da guringuntsi. Akwai kuma zaizayewar ƙashi, wanda shi baya ciwo ko kaɗan da farko, kamar azarar da gara ta ci ne, daga waje lafiya lau amma ciki duk ya zama huhu, sai ranar da aka ɗora mata nauyi ta karye. Ranƙwafawar bayan da kike gani sau da yawa ƙasusuwan gadon baya ne suke lotsawa ɗaya bayan ɗaya, mutum ya rage tsawo ba tare da ya taɓa faɗuwa ba. Ya fi kama mata bayan al'ada ta ɗauke, domin sinadarin da ke riƙe musu ƙashi yana raguwa a lokacin. Sai na uku, ƙarancin bitamin D mai tsanani, shi kuma yana sa ƙashi yin laushi da tsami, tsokar cinya ta mutu, tsohuwa ta kasa tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa ta dafa bango. Abin da kika faɗa game da Inna ya yi kama da na biyu da na uku a haɗe.

Kalsiyam shi ne tubalin ƙashi, bitamin D kuma shi ke sa hanji ya tsotse shi daga abinci. In babu D ko an ci kalsiyam ɗin mafi yawansa wucewa zai yi. Mafi yawan bitamin D ɗinmu ba daga abinci yake zuwa ba, fatar jiki ce ke ƙera shi in rana ta taɓa ta. Za ki ce ai rana kam Allah ya hore mana a Jigawa, gaskiya ne, amma ranar da ke waje ba ta amfanar wadda ke cikin ɗaki. Ga shi baƙar fata tana buƙatar daɗewa a rana fiye da fara kafin ta samar da daidai gwargwado, fatar tsoho kuma ta rage ƙoƙari ba kamar ta yaro ba, sannan hasken da ya ratso gilashin taga baya yin aikin. Na sha shiga gidaje a ƙauyukanmu in tarar da tsohuwa a ƙuryar ɗaki da rana tsaka, sai idona ya daɗe kafin ya saba da duhun in gano inda take, ga kwanon tuwon jiya a gefe an rufe da faifai bata ci rabi ba, ga buta ga carbi, jikoki suna ta wasa a waje cikin rana ita kuma wata uku rabonta da ita. Wallahi abin yana taɓa ni, domin ba rashin so bane, gani ake hutar da ita ake yi.

Dan haka abu na farko, kyauta ne ma, a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, ta zauna kamar minti 20 zuwa rabin awa, hannuwa da ƙwauri a buɗe tunda cikin gida ne ba kowa sai ku, a bata ɗan abin yi, tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa, hira ma ta samu. In rana ta fara cizo ta koma inuwa.

Na biyu abinci, kuma nan ne nake ganin matsalarmu ta fi yawa. A 1999 an buga wani bincike da aka yi a Jos a kan yara masu lanƙwasassun ƙafafu, aka gano yawancinsu kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, kusan miligiram 200 kawai suke samu a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yara ne ba tsofaffi ba, amma ai tukunya ɗaya ake ci a gida. A ma'aunin da likitocin Amurka suke bi, macen da ta wuce 50 tana buƙatar miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, namiji 1,000 har ya kai 70 sannan shi ma ya koma 1,200, bitamin D kuma 600 a ma'aunin IU, wato ma'aunin da ake rubuta yawansa da shi a jikin roba, wanda ya haura 70 kuma 800. Tuwon dawa da kunun gero zalla ba za su kai mutum ko kusa ba.

Amma muna da abin a kusa damu. Kofi ɗaya na kindirmo ko nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba yana ba da wajen miligiram 300, kinga fura da nono kullum ba ƙaramin magani bane, sai dai in madarar shanu ce ɗanya a tafasa ta tukuna. Garin kuka yana da kalsiyam sosai, haka zogale, haka riɗi wanda mu Jigawa muke nomawa mu loda a mota a kai waje mu bamu ci ba, a soya shi a daka a zuba mata a kunu ko a yi miyarsa. Tamba ma ta fi sauran hatsinmu kalsiyam nesa ba kusa ba. Sai ƙananan busassun kifin nan na yankin Haɗeja, a daka su har da ƙayarsu su yi laushi a zuba a miya, a ƙayar amfanin yake. Ƙwai da hanta da kifi mai maiƙo suna da ɗan bitamin D amma kaɗan ne, basa isa su kaɗai.

Yanzu robar yayanku. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba nawa ne a ƙwaya ɗaya. In D ɗin yana tsakanin 400 zuwa 1,000 ne, kalsiyam kuma wajen 500, ƙwaya ɗaya a rana tare da abinci ya wadatar ga wadda ke samun nono da miyar kuka. Jiki ya fi tsotse kalsiyam in bai wuce kamar miligiram 500 a lokaci guda ba, haɗa biyu ko uku a watsa baki ɗaya ɓarna ce. Ta riƙa shan ruwa sosai domin kalsiyam yana kawo taurin bayan gida. In tana shan maganin ƙarin jini, ko na maƙoƙo, ko ja da yalo, ko sifiro mai kashe ƙwayoyin cuta, kar a haɗa su lokaci ɗaya domin kalsiyam yana riƙe su ya hana su aiki, a bar awanni tsakani, na maƙoƙo kam awa 4.

Maganar maƙociyarku akwai ƙamshin gaskiya a ciki, bata yi ƙarya duka ba. Yawan kalsiyam na ƙwaya yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda, bitamin D kuma ba irin wanda ake fitsarar da rararsa bane, taruwa yake a jiki, in ya yi yawa kalsiyam ya hau a jini sai ƙishirwa da yawan fitsari da amai da ruɗewa, ƙoda ta wahala. Shi ya sa aka ce bitamin D kar a wuce IU 4,000 a rana sai da umarnin likita. In Inna ta taɓa tsakuwar ƙoda ko an ce mata ƙodarta ta taɓu, ko ƙafafunta suna kumbura, to a ajiye robar sai likita ya gani. Kuma ko babu ko ɗaya daga ciki ni dai zan so ku kaita babban asibiti, domin bayan da ya riga ya ranƙwafa akwai magungunan ƙashi na musamman da likita ke rubutawa waɗanda sun fi ƙarfin bitamin, ita ƙwayar taimako ce kawai take musu.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo manomi a yankin Ɗambatta, ɗansa ne ya rubuto masa:

Malama shekaruna 63, gwiwoyina sun dame ni musamman da sanyi, ruku'u da sujada sai da ƙyar. Akwai wani haɗi da nake karɓa a kemis, ƙwaya biyar a leda, yace min bitamin ne na ƙarfin ƙashi, in na sha sai in ji garau har gona nake zuwa, yanzu wata bakwai kenan kullum. Har ƙiba na yi fuskata ta ciko. Amma in ban sha ba kwana ɗaya jikina sai ya mutu. In ci gaba?

Amsa:

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa domin saƙonka ya tayar min da hankali. Babu bitamin ɗin da ke ɗauke ciwon gwiwa da zarar an sha. Abin da ke yin haka a irin wannan haɗin yawanci abu biyu ne, maganin kashe zafi irin su diklofenak ko ibufurofen, da kuma wanda ake kira sitiroyid, wato deksametason ko firednisolon, ƴan ƙananan ƙwayoyin nan masu arha, sai a jefa bi-kwamfiles, wato haɗin bitamin B, guda ɗaya a ciki dan a samu bakin cewa bitamin ne. Cikowar fuskar nan ba ƙibar lafiya bace Baba, alamar sitiroyid ce, fuska ta yi zagaye ciki ya fito amma hannuwa da cinyoyi suna ramewa. Kuma sitiroyid yana cikin magungunan da suka fi cin ƙashi, yana kuma narkar da tsoka, ya ɗaga suga, ya ɗaga hawan jini, ya kawo yanar ido. Shi kuma na kashe zafin in aka daɗe ana sha yana ƙwaƙule ciki ya kawo gyambo har da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ballantana ga manomin da ke yini a rana yana gumi ba ya shan ruwa sosai.

Na ga wannan a gidanmu ba labari aka bani ba. Ƙanin mahaifina shekara biyu yana karɓar irin wannan ledar a wani kemis na ranar kasuwa, kullum tana cikin aljihun gaban rigarsa tare da goro, ƙwaya fara ƙarama biyu, ruwan hoda ɗaya, kafso ɗaya, da ƴar ruwan ƙasa. Mutane har barka suke masa wai ya yi kyau ya murmure. Ranar da ya sunkuya zai ɗaga buhun da ko rabi bai kai ba sai bayansa ya amsa, da aka yi hoto ƙashin baya biyu sun lotsa, sugansa kuma ya yi sama. Har yau ina jin ciwon cewa ina ganin ledar nan ban taɓa cewa kawu miƙo in duba ba.

Abu mafi muhimmanci, kar ka daina rana ɗaya. Wata bakwai ana sha, jiki ya daina ƙera nasa sinadarin ya dogara da na ƙwaya, shi ne mutuwar jikin da kake ji in ka tsallake, yankewa farat ɗaya kuma tana iya kayar da mutum har ta kai ga rasa rai. Ka ɗauki ledar yadda take ka kai wa likita a babban asibiti cikin satin nan, a gane mene ne a ciki, a auna suga da jini da ƙoda, shi zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Kai kam wataƙila ma ya rubuta maka kalsiyam da bitamin D na gaskiya saboda ɓarnar da aka riga aka yi. Gwiwa kuma akwai na shafawa, akwai farasitamol, akwai motsa ta da ƙarfafa cinya, da riƙe sanda ba abin kunya bane. Sallah kuwa malamai sun sanar damu wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, addini bai matsa maka ba.

Tambaya ta uku, daga wani ɗan uwa a yankin Kafin Hausa:

Anti babanmu yana da suga shekara tara yana shan metfomin, yanzu duk ya rame damatsansa sun zube, ƙafarsa tana masa dindiris kamar kiyashi na bi. Duk wata muna kiran mai allura ya masa ta bi-kwamfiles, fitsarinsa har yalo yake dan ƙarfin maganin amma bamu ga canji ba. Wane bitamin ne ke dawo da tsoka?

Amsa:

Ɗan uwa yalon fitsarin nan ba ƙarfin magani bane, bitamin B2 ne da jiki bai buƙata ba yake zubarwa. Kuma a gaskiya babu ƙwayar da ke gina tsoka, abu biyu ke gina ta, abinci mai furotin da kuma aiki da ita. Tsoho yana buƙatar furotin fiye da yadda muke zato, masana da yawa suna cewa wajen giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, amma dubi abin da muke basu, koko da safe, kunu da rana, tuwo da dare, in an yanka kaza haƙori babu sai ya miƙa wa jika. A canza masa, alala, ƙosai, ɗanwake, faten wake, awara, dafaffen ƙwai, kifi, nono ba sukari, dakakken nama a miya, kowane cin abinci a samu ɗaya a ciki. Sai dai a fara auna ƙodarsa tunda mai suga ne kuma yankinku ana yawan kuka da ciwon ƙoda, in ta taɓu lissafin furotin ɗin daban ne.

Motsi kuma ba sai an je wani wuri ba. Ya zauna a kujera mai ƙwari ya tashi ya koma sau 10, safe da yamma, da farko yana dafawa daga baya ya saki. Tafiya masallaci da ƙafa, ɗan zagayen gona, ba dabbobi ruwa. Ku daina ƙwace masa kowane aiki da sunan ladabi, tsokar da aka bari sati biyu a kwance zubewa take, a tsoho kuma dawo da ita aiki ne.

Dindiris ɗin ƙafa kuwa yana iya zama sugan ne ya taɓa jijiyoyi, yana kuma iya zama ƙarancin B12, domin shi metfomin in an daɗe ana sha yana rage shi, cikin tsoho ma dama ya rage tsotsarsa, kuma a nama da kifi da ƙwai da nono kaɗai ake samunsa. Wannan ana aunawa a jini, in ya yi ƙasa a bashi B12 ɗin kansa daidai yadda ya kamata, kar kuma ya daina metfomin da kansa. Wasu haɗe-haɗen na jijiya suna da B6 mai yawa wanda in aka daɗe a kai shi ma yana kawo irin wannan dindiris ɗin. Ramar da ka ce ma a duba ko sugan ne bai daidaita ba. Kuma kullum a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko ƙaya ta shiga bai ji ba.

Wani ya haɗo da tambaya a kan ko a saya wa duk tsofaffin gida bitamin D ko da lafiyarsu ƙalau. An gwada wannan a Amurka a kan mutum sama da 25,000, ana ba rabinsu IU 2,000 kullum wajen shekara biyar, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna karaya bata ragu ba a cikin masu lafiyar da dama basu da ƙarancinsa. A Ostareliya kuma, a wani binciken da aka buga a 2010, an ba tsofaffin mata bitamin D har IU 500,000 a lokaci ɗaya sau ɗaya a shekara, sai faɗuwa da karaya suka ƙaru maimakon su ragu. Dan haka dattijon da ke yini a gona ko kasuwa kuɗin gara a saya masa nono da kifi.

Tambaya ta huɗu, daga wata matar aure a yankin Rano:

Malama kakar mijina ta zame a bakin rijiya kwana huɗu kenan, ta kasa taka ƙafar, mai ɗori ya zo ya ɗaure, muna bata romon ƙashi da kalsiyam. Zai haɗe?

Amsa:

'Yar uwa ki nuna wa maigidanki wannan amsar yau ɗin nan. Tsohuwar da ta faɗi ta kasa taka ƙafa, musamman in kun lura ƙafar ta ɗan gajarce ko tafin ya juya waje, sai a ɗauka wuyan ƙashin cinya ne ya karye har sai hoto ya nuna ba haka ba. Wurin yana can ciki cikin ƙugu, kara da tsumma basa kaiwa gare shi, sau da yawa sai an yi aiki. Kalsiyam baya haɗa karayar da bata zauna daidai ba, romon ƙashi kuma yana da daɗi zai sa ta ci abinci amma kalsiyam ɗin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne ƙwarai. Abin tsoron shi ne kwanciyar, tsohuwa in ta daɗe a kwance sai gyambon baya, sai ciwon huhu, sai jini ya daskare a ƙafa, su ne ke tafiya da mutum ba karayar ba.

Ku nemi mota ku kwantar da ita a miƙe da matashi tsakanin ƙafafu, kar a naɗe ta a babur, ku kaita babban asibitin da ya fi kusa a yi hoto, in sun ga ya fi ƙarfinsu zasu tura ku Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya har da na gargajiya. Kafin ta dawo kuma a zuba tsakuwa ko a yi daɓe mai kaushi a bakin rijiyar, a rage tudun dokin ƙofarta, a ajiye mata tocila a gefen shimfiɗa saboda fitar dare, a kafa ƙarfe ko itacen dafawa a banɗaki, in an samu hali a duba mata ido ko yana ce. Allah ya bata lafiya, ki rubuto mana abin da hoton ya nuna.